Wai Kanada da Amurka 'yan uwa ne ko 'yan uba? Fashin baƙi kan zancen jinin Anglo-Saxon

Tun ƙarshen 2024 da Donald Trump ya fara cewa Kanada ta zo ta zama jiha ta 51 a Amurka, har yana kiran firaministan lokacin Justin Trudeau da sunan gwamna, nake ta cin karo da tambaya iri ɗaya a soshiyal midiya. Wai to mene ne abin tada jijiyar wuya? Ai duk Turawa ne, yarensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, kakanninsu daga Ingila suka fito, me zai hana su haɗe kawai a huta? Kuma me ya sa 'yan Kanada suka fusata har suna yi wa taken Amurka ihu a filin wasa, suna kwashe kayan Amurka daga kantuna?

Tambayar tana da kyau fa, don shekara sama da ɗari da suka wuce manyan malamai da 'yan siyasar ƙasashen biyu ita suka yi ta yi wa junansu, kuma kalmar da suke amfani da ita a lokacin ita ce Anglo-Saxon. Abin da ya sa zancen yake rikita mutane shi ne wannan dangantakar da ake kafa hujja da ita a ce su haɗe, ita ce kuma 'yan Kanada suka yi ta kafa hujja da ita suna cewa ba za su haɗe ba.

Su wane ne ma Anglo-Saxon ɗin?

Asalin sunan na wasu ƙabilu ne, Angles da Saxons da Jutes, da suka tsallako daga arewacin Jamus da Danmak zuwa tsibirin Birtaniya wajajen ƙarni na 5. Daga sunan Angles ɗin ne ma aka samu sunan Ingila da na yaren Ingilishi. Mulkinsu ya ƙare a 1066 da Normawa suka zo daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi. To ka ga ko a Ingilan kanta jinin ya daɗe da gaurayuwa.

Amma wanda muke magana a kai daban ne. A ƙarni na 19 aka ɗauko tsohon sunan nan aka kakkaɓe shi aka mai da shi aƙida, wai masu magana da Ingilishi, farare, mabiya ɗarikar Furotesta, jinsi ne na musamman da aka halitta da son 'yanci da iya mulki, don haka su suka cancanci su riƙe ragamar duniya. Tun 1776 ma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya ba da shawara a sa hoton Hengist da Horsa, shugabannin Saxon na dauri, a hatimin sabuwar ƙasar Amurka, kun ga mutumin da ke tawaye ga sarkin Ingila amma yana tinƙaho da kakannin Ingilan. Ba kimiyya a ciki ko kaɗan, labari ne na asali irin wanda kowace al'umma ke da shi, bambancin kawai su suna da jiragen yaƙi da bankuna da za su tilasta wa duniya ta saurare su.

Ɗaya ya fita gandu, ɗaya ya zauna

In kana so ka gane rigimar cikin sauƙi, ka ɗauka gida ne mai gandu. Babban ɗa ya yi rigima da uba ya ja gonarsa ya fita, wannan shi ne Amurka a 1776. Sauran suka ce su kam suna tare da baba.

Kuma tun kafin a gama fitar aka fara kai wa na cikin gidan hari. A 1775 dakarun 'yan tawayen Amurka suka shiga Quebec, suka kama Montreal, amma aka karya su a bakin birnin Quebec a daren ƙarshe na shekarar, kwamandansu Richard Montgomery ya mutu a wurin. Duk da haka a tsarin mulkinsu na farko sai da suka rubuta cewa duk ranar da Kanada ta so shigowa ƙofa a buɗe take, ba sai an yi ƙuri'a ba. Wato zancen haɗe Kanada da Amurka ya girmi maganar Trump da shekara kusan 250.

Da yaƙin ya ƙare a 1783, mutanen da suka goyi bayan sarki ba su da wurin zama a Amurka, an ƙwace wa da yawa gidaje da gonaki, sai dubun dubatarsu, wajen 40,000, suka yi hijira arewa. Su ne suka sa aka kafa New Brunswick a 1784 da yankin da ya zama Ontario a 1791. Wannan wurin ne mutane ke tsallakewa in suna magana: tushen Kanada mai magana da Ingilishi, Amurkawa ne da suka ƙi Amurka. Jininsu ɗaya da waɗanda suka baro, wani ma ƙaninsa na can, amma abin da suka gadar wa 'ya'yansu shi ne mu ba su ba ne. A cikin masu hijirar akwai baƙaƙen fata kimanin 3,000 da Birtaniya ta yi wa alkawarin 'yanci da fili a Nova Scotia, aka wulaƙanta su, har wajen 1,200 daga cikinsu suka hau jirgi a 1792 suka je suka kafa Freetown ta Saliyo.

Sai yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya. Jefferson ya ce kama Kanada ai tattaki ne kawai, don ya ɗauka mutanen za su fito da murna su tari 'yan uwansu. Ba haka aka yi ba. Amurkawa suka ƙona gine-ginen gwamnati a York, Toronto ta yau, a 1813, sojojin Birtaniya suka rama suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta a Washington a 1814, aka yi sulhu a Ghent kowa ya koma inda yake. Waɗanda suka yi asarar gaske su ne 'yan asalin ƙasar da suka yi yaƙi a ɓangaren Birtaniya, jagoransu Tecumseh ya mutu a fagen daga a 1813, kuma burinsu na samun ƙasar kansu ya mutu tare da shi.

Magana ɗaya, fassara biyu

Bayan nan aka fara ɗinke ɓaraka a hankali, a 1817 aka rage jiragen yaƙi a manyan tafkunan da ke tsakaninsu, a 1818 aka ja layin wani babban ɓangare na boda. Amma zullumi bai bar 'yan Kanada ba, musamman da Amurka ta shiga faɗaɗa tana cewa ƙaddara ce ta ba ta nahiyar baki ɗaya. Ta soke yarjejeniyar ciniki a 1866, 'yan gwagwarmayar Ailan suna kai hari ta boda, ta sayi Alaska hannun Rasha a 1867, to tsoron nan yana cikin manyan dalilan da suka sa yankunan Birtaniya suka dunƙule suka zama Kanada a ranar 1 ga Yuli 1867.

A nan ne zancen Anglo-Saxon ya rabu biyu. Akwai masu cewa tunda jinsi ɗaya ne bodar ba ta da ma'ana. Babbansu Goldwin Smith, wani farfesa ɗan Ingila da ya zauna a Toronto, wanda a 1891 ya fitar da littafi yana cewa makomar Kanada ita ce haɗewa da Amurka, kuma cikin hujjojinsa har da cewa haɗewar ce za ta narkar da Faransawan Quebec. Tun kafin shi a 1849 'yan kasuwar Montreal sun sa hannu a takardar neman a haɗe su da Amurka saboda kasuwa ta faɗi, ɗaya daga cikin masu sa hannun, John Abbott, daga baya har firaminista ya zama.

Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke eh jini ɗaya ne, amma mu ne magada na gaskiya. Mu muka riƙe sarauta da majalisa da bin doka, su kuwa sun cika ƙasarsu da baƙi da hayaniya da son kuɗi, ga shi har yaƙin basasa sun yi. Wasunsu har cewa suke sanyin arewa ya ƙara tace jininsu. John A. Macdonald, firaminista na farko, da wannan ya ci zaɓen 1891, lokacin da harajin McKinley na Amurka ya matse manoman Kanada, ya ce shi talakan sarautar Birtaniya aka haife shi kuma a haka zai mutu.

Shi ya sa na ce 'yan ubanci ne. Bare ba ya maka gori a kan gado, ɗan gida ne ke yi.

Lokacin da zumuncin ya yi amfani, da ranar da ya ci Kanada

Gaskiya ba za a ce zancen bai tsinana komai ba. A 1895 Amurka da Birtaniya sun kusa gwabzawa a kan iyakar Venezuela, kuma da an yi yaƙin a ƙasar Kanada za a yi shi. A duka ɓangarorin aka samu malaman coci da 'yan jarida da 'yan siyasa suna cewa haram ne 'yan uwa su zubar da jinin juna, aka kai maganar gaban masu sulhu. Da Amurka ta yaƙi Sifen a 1898 Birtaniya ta nuna mata goyon baya, ministan mulkin mallaka Joseph Chamberlain ya tsaya a Birmingham yana kiran a ƙulla ƙawancen Anglo-Saxon. Da Birtaniya ta shiga yaƙin Afirka ta Kudu a 1899 gwamnatin Amurka ita ma ba ta tsaya mata a hanya ba. 'Yan Kanada da yawa a lokacin suka fara ganin kansu a matsayin gada tsakanin uwa da babban ɗanta.

Sai 1903 ta zo ta buɗe musu ido. An samu zinare a Klondike da ke arewa maso yammacin Kanada, Kanada na son hanyar fita teku ta gefen Alaska, aka kafa kwamitin mutum shida, Amurkawa uku, 'yan Kanada biyu, da Bature ɗaya daga Landan, Lord Alverstone. Da aka zo yanke hukunci sai Alverstone ya bi bayan Amurkawa. 'Yan Kanada biyun suka ƙi sa hannu. Abin ya yi wa mutanen ƙasar ciwo sosai, don sun gane cewa in uwa za ta zaɓa tsakanin ɗan da ya zauna yana mata biyayya da wanda ya fita ya yi ƙarfi, to mai ƙarfin za ta lallaɓa. Ni a ganina daga ranar ne Kanada ta fara tunanin riƙe harkokinta na waje da hannunta, abin da ya kai ga ta buɗe ofishin jakadancinta a Washington a 1927.

A 1911 kuma firaministan Kanada Wilfrid Laurier ya ƙulla yarjejeniyar rage haraji da Amurka, manoman yamma suna murna, sai wani babban ɗan majalisar Amurka Champ Clark ya miƙe ya ce yana fatan ganin ranar da tutar Amurka za ta kaɗa a kan duk wani taku na ƙasar har ƙarshen arewa, ai mutanenmu ne, yarenmu ɗaya. Shi a wurinsa yabo ya yi. A Kanada maganar ta taimaka wajen kada gwamnatin Laurier a zaɓe, Robert Borden ya hau. In ka dubi yadda Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau, ya ci zaɓen Afrilun 2025 bayan jam'iyyarsa ta yi kamar ta mutu, za ka ga tsohon zance ne ya maimaita kansa, ɗan siyasar Amurka ya ce ku namu ne, 'yan Kanada su ruga wurin wanda suke ganin zai ce a'a.

A 1921 aka gina wata ƙofar tunawa da zaman lafiya a kan boda tsakanin jihar Washington da British Columbia, a jikinta aka rubuta cewa su 'ya'yan uwa ɗaya ne. A shekarar nan dai wani hafsan sojan Kanada, James Sutherland Brown, ya tsara yadda za su kai wa Amurka hari in ta kama, su ma sojojin Amurka a 1930 suka amince da nasu shirin na mamaye Kanada. Duka biyun a takarda suka tsaya, amma sun nuna maka irin zaman da ake yi.

Su wa aka bari a waje?

Nan ne abin ya fi taɓa ni, kuma nan ne ya kamata mu da muke kallo daga nesa mu fi lura. Duk inda aka ce ga 'yan mowa, to an riga an ware 'yan bora.

Na farko Faransawan Kanada, waɗanda sun riga Ingilishi zama a Quebec da shekara sama da ɗari. A 1839 Lord Durham, gwamnan da Birtaniya ta turo, ya rubuta rahoto ya ce mutane ne marasa tarihi marasa adabi, a narkar da su. A 1885 aka rataye Louis Riel, jagoran Métis (ruwa biyun Faransawa da 'yan asalin ƙasar) da suka yi wa gwamnati tawaye. A 1890 Manitoba ta janye tallafin makarantun Katolika, a 1912 Ontario ta taƙaita koyarwa da Faransanci. Dubban ɗaruruwansu da suka tafi aikin masaƙu a arewa maso gabashin Amurka can ma kallon bare aka yi musu. Saboda haka in ka ce wa mutumin Quebec ai ku da Amurkawa jini ɗaya ne, ka taɓo masa tsohon miki. Abin mamaki, gwamnan da ya gaji Lugard a Arewacin Najeriya a 1907, Percy Girouard, wanda a zamaninsa aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, ɗan Montreal ne kuma daga zuriyar Faransawan nan ya fito. Daular tana amfani da gwaninta in ta samu, ko da tana raina dangin mai ita.

Na biyu 'yan asalin ƙasar. A 1879 Macdonald ya aika Nicholas Flood Davin Amurka ya je ya ga yadda suke tafiyar da makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asali, ya dawo ya ba da shawara a yi irinsu. Aka riƙa raba yara da iyayensu, a hana su yarensu, yara da yawa suka mutu a can, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Ƙasashen biyu da ba su yarda da juna a kan boda ba, a kan wannan kam sun koyi darasi a wurin juna.

Na uku baƙi 'yan ci-rani. Amurka ta hana 'yan Sin shigowa a 1882, Kanada ta sa musu harajin kai na dala 50 a 1885, ya kai dala 500 a 1903, a 1923 ta rufe ƙofar kusan gaba ɗaya. A Satumbar 1907 aka kori ma'aikata 'yan Indiya daga Bellingham a Amurka, bayan 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a unguwannin 'yan Sin da Japan a Vancouver, kuma masu zuga mutane ƙungiyarsu ɗaya ce a ɓangarorin biyu. A 1914 jirgin Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinja 376, yawancinsu daga Punjab, talakawan sarki ɗaya da 'yan Kanada, aka tsare su wata biyu a ruwa aka mai da mafi yawansu. A daidai wannan zamanin Kanada na tallata filaye kyauta ga manoman Amurka farare suna ta kwararowa yamma, amma da baƙaƙen fata daga Oklahoma suka biyo sahu sai majalisar ministocin Laurier ta amince da doka a 1911 wai yanayin ƙasar bai dace da su ba. Ba a kai ga aiki da dokar ba, an bi ta wasu hanyoyin an rage zuwansu. Ƙasar da a da bayi ke gudu zuwa cikinta neman 'yanci ke nan fa.

To yanzu me ya rage?

Yaƙin duniya na biyu ne ya juya komai. A 1938 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya faɗa a Kingston cewa Amurka ba za ta naɗe hannu ba in aka taɓa Kanada, a 1940 shi da firaministan Kanada Mackenzie King suka kafa hukumar tsaro ta haɗin gwiwa a Ogdensburg, a 1958 aka haɗa tsaron sararin samaniya. Daga nan Kanada ta daina jingina da Landan ta koma jingina da Washington. Kuma bayan abin da Hitler ya yi da sunan jinsi, ba wanda ke iya tsayawa a bainar jama'a ya yi alfahari da jinin Anglo-Saxon, sai aka koma cewa ƙasashe masu magana da Ingilishi, ko masu aƙida ɗaya. Ragowar tsohon zumuncin yana nan a ƙawancen leƙen asiri na ƙasashe biyar, Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand. Kalmar kanta yanzu Faransawa da jami'an Rasha sun fi amfani da ita, su ma in suna so su yi suka.

Kanada kuma ta sake fasalin kanta da gangan. Ta cire tutar mai alamar Birtaniya a 1965, ta kawo tsarin maki na shige da fice a 1967 wanda ke duba ilimi da sana'a maimakon asali, ta daidaita Faransanci da Ingilishi a 1969, a 1971 ta ayyana kanta ƙasar al'adu da yawa. A ƙidayar 2021 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar a waje aka haife shi. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Toronto da Winnipeg da Calgary ta ƙofar 1967 ɗin nan suka shiga, a ƙarƙashin tsohon tsarin da wuya su samu biza.

Shi ya sa in aka ce a haɗe yau, ɗan Kanada ba jini yake lissafawa ba. Yana tunanin asibitin da yake zuwa ba tare da an miƙo masa bil ba, da dokar bindiga, da yaren Quebec, da cewa mutum miliyan 41 za su nutse cikin miliyan 340. A gefe guda kuma ba shi da inda zai gudu, boda ce mai tsawon kilomita 8,891, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, don haka harajin da Amurka ta sa wa ƙarfe da motoci a 2025 kai tsaye yake taɓa albashin ma'aikacin Hamilton da Windsor, kamar yadda yake ƙara wa Ba'amurken Michigan kuɗin mota, tunda kayan gyaran mota ɗaya sukan tsallaka bodar sau da yawa kafin a gama haɗa ta.

Da Carney ya je fadar White House a watan Mayun 2025 ya faɗa wa Trump a gaban 'yan jarida cewa Kanada ba ta sayarwa ba ce. Makonni uku bayan nan, ranar 27 ga wata, Sarki Charles na Birtaniya, wanda shi ne kuma sarkin Kanada, ya zo Ottawa ya buɗe majalisa da kansa, abin da rabon da a gani tun 1977 zamanin mahaifiyarsa. Wasu a Quebec sun yi ƙorafi, jam'iyyar 'yan aware ta ƙi halarta, amma saƙon da gwamnati ke aikawa Washington a fili yake. Sarautar nan da kakanninsu suka ƙi bari a 1783 ita suka sake ɗaukowa don su nuna inda gonarsu ta tsaya, kuma wadda ta tarbi sarkin a matsayin wakiliyarsa a ƙasar, Mary Simon, 'yar ƙabilar Inuit ce, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar.